Dilip Mahalanabis, Likitan da Ya Miƙa wa Iyaye Kofi



Ranar 16 ga Oktoban 2022 wani dattijo ɗan shekara 87 ya rasu a birnin Kalkata na ƙasar Indiya. Sunansa Dilip Mahalanabis. Likitan yara ne, kuma kusan duk rayuwarsa ta aiki a kan abu guda ta ƙare, wato hanjin yaro da abin da ke faruwa da shi idan gudawa ta ɓarke. Sunan baƙo ne a kunnen yawancinmu. Amma duk uwar da ta taɓa yaga 'yar ledar nan ta gishiri da sukari, ta juye a ruwa, ta ɗura wa ɗanta mai zawo, a Kano take ko Maraɗi ko zangon Kumasi, to ta ci moriyar aikin wannan bawan Allah.

An haife shi a 1934 a Kishoreganj, garin da yau yake cikin Bangladash, a lokacin kuwa yana ƙarƙashin mulkin Ingilishi a yankin Bengal. Ya gama karatun likita a Kwalejin Likitanci ta Kalkata a 1958, sannan ya wuce Ingila ya ƙaro ilimi a fannin yara, har ya yi aiki a Asibitin Yara na Sarauniya Elizabeth da ke Landan. Mutum mai irin wannan takarda a wancan zamani yana iya zamansa a Turai ya ci albashi mai kauri har tsufa. Shi dai ya komo gida, ya shiga wata cibiyar bincike da Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ke gudanarwa a Kalkata. Abin da ake nazari a can shi ne kwalara, cutar amai da gudawa, wadda yankin Bengal ya daɗe da zama gidanta.

Kafin mu je ga abin da ya yi, bari mu tsaya a kan hanjin kansa, domin in ba a gane wannan ba, labarin zai zama kamar tatsuniya.

A kowace rana ruwan da ke bi ta hanjin babban mutum ya kai lita 8 zuwa 9, idan aka haɗa wanda ya sha da yawu da sauran ruwan da ciki ke fitarwa don narkar da abinci. Hanji mai lafiya yana tsotse kusan dukkansa ya mayar wa jini. Ƙwayar kwalara tana sakin wani dafi da ke juya wannan aiki: maimakon bangon hanji ya tsotsa, sai ya koma kwararo da ruwa da gishiri. Wani masani da ke aiki a Kalkata, Sambhu Nath De, shi ya nuna akwai wannan dafi a 1959. Idan cutar ta yi tsanani, babban mutum kan zubar da ruwan da ya kai lita guda a cikin awa ɗaya, bayan gida fari fat kamar ruwan wankin shinkafa. Ido ya faɗa, fata ta yanƙwane, fitsari ya ɗauke, jini ya yi kauri, zuciya ta rasa abin da za ta tura. Wanda ya tashi lafiya da asuba ana iya yi masa sutura kafin magariba. Yaro ƙarami kuwa, da ruwan jikinsa bai taka kara ya karya ba, ko gudawar da ba kwalara ba tana iya kai shi nan.

Maganin da likitoci suka sani shi ne ƙarin ruwa ta jijiya. Tun 1832 wani likita a Sukotlan mai suna Thomas Latta ya gwada shi. Yana aiki, babu ja. Sai dai yana buƙatar ruwan da aka tace a masana'anta, da allura mai tsabta, da ma'aikacin da ya iya neman jijiya a hannun yaron da ya bushe. Me zai hana a ba mara lafiya ruwan gishiri ya sha kawai? An gwada, ruwan sai ya wuce ta ƙasa yadda ya shiga ta sama.

Mabuɗin ya fito ne daga ɗakin gwaji. A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da gishiri da sukarin gulukos ke shiga tare. Ka ɗauke ta kamar ƙofar da mai gadinta ba ya barin gishiri ya wuce sai ya zo riƙe da hannun sukari, kuma da zarar sun shige, ruwa na biye da su. Abin mamakin shi ne dafin kwalara, duk ɓarnar da yake yi, ba ya taɓa wannan ƙofa. Tana nan buɗe ko a hanjin wanda ke bakin mutuwa.

Amma awo shi ne komai. A farkon shekarun 1960 likitocin sojan ruwan Amurka sun gwada wani haɗi a Manila ta ƙasar Filifin, haɗin ya yi ƙarfi da yawa, mutum 5 cikin 30 suka mutu. Wannan ya tsorata masana, aka ja baya na wasu shekaru. Sai a 1968 aka samu tabbaci daga Dakka da Kalkata, ta hannun likitoci irin su Norbert Hirschhorn da Nathaniel Pierce da David Nalin da Richard Cash, cewa idan aka daidaita awon, ruwan sha yana rage buƙatar ƙarin ruwa ƙwarai da gaske. Saboda haka a yi adalci: Mahalanabis ba shi ya ƙirƙiro haɗin ba, aikin hannaye da yawa ne. Sai dai har zuwa lokacin ana ganinsa a matsayin maganin asibiti, wanda likita ke bayarwa yana auna abin da ya shiga da abin da ya fita. Babu wanda ya yarda a bar shi a hannun wanda bai yi karatu ba.

Sai ga 1971. Yaƙi ya ɓarke a Gabashin Pakistan, yaƙin da ya haifi ƙasar Bangladash. Mutane kusan miliyan 10 suka tsallaka iyaka zuwa Indiya. Damina ta sauka a kansu a sansanonin da babu masai babu ruwan sha mai tsabta, kwalara ta shiga. Aka tura Mahalanabis da 'yan tawagarsa garin Bangaon da ke bakin iyaka, inda 'yan gudun hijira wajen 350,000 suka taru. Abin da ya tarar, kamar yadda ya ba da labari daga baya, ɗakuna ne biyu cike da marasa lafiya kwance a ƙasa, ta yadda duk wanda zai sa musu ruwa sai ya durƙusa cikin amai da kashi. Cikin mutanensa biyu ne kacal suka iya sa allurar ƙarin ruwa, ruwan ma ga shi yana ƙarewa. A sansanonin, cikin kowane mutum 10 da cutar ta kama, wajen 3 na mutuwa. Kwana biyu da isowarsa ya gane cewa in aka ci gaba a haka, kwalara ce za ta yi nasara.

A nan ya yanke shawarar da ta sa muke ambatonsa yau. Ya sa aka mayar da ɗakin karatu na cibiyarsu a Kalkata wurin awo da ƙulli: giram 22 na gulukos, giram 3.5 na gishirin miya, giram 2.5 na bakin soda irin ta masu yin burodi, ga kowace lita ta ruwa. Aka riƙa ɗauko ƙullin zuwa Bangaon, ana damawa a manyan durom-durom. Sannan ya miƙa kofuna ga uwaye da matan aure da 'yan'uwa da duk wanda ke jinya, ya ce su ɗiba su yi ta ba marasa lafiyarsu, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Ɗan ruwan jijiyar da ya rage aka keɓe shi ga waɗanda suka riga suka galabaita har ba sa iya haɗiya, da sun farfaɗo kuma a mayar da su kan kofi.

Mai sauraro, ka auna nauyin wannan. Likita ne da aka horar a Landan, a zamanin da ake ganin magani sirrin masu farar riga ne. Ya san labarin Manila. Ya san in abin ya ɓaci, sunansa ne zai ɓaci. Amma ya duba ya ga hannayen da ke akwai a sansanin nan na iyaye ne, kuma babu ma'aikacin da zai zauna gaban yaro dare da rana da cokali kamar uwarsa.

Tsakanin ƙarshen Yuni da ƙarshen Agustan 1971 sun yi jinyar mutum sama da 3,700. Waɗanda suka mutu kashi 3.6 ne cikin ɗari. Daga kashi 30 zuwa ƙasa da 4, a cikin taɓo, a tsakiyar yaƙi.

Ka zaci duniyar likitoci za ta miƙe da tafi? Ina! Da yawa sun yi shakka, suna ganin abin ya yi sauƙin da ba zai zama gaskiya ba. Rahoton bai fito ba sai 1973, a mujallar likitanci ta Johns Hopkins. Abin da ya taimaka shi ne wani jami'in Hukumar Lafiya ta Duniya, Dhiman Barua, ya je sansanin ya gani da idonsa, ya koma ya dage sai hukumar ta rungumi hanyar. A 1978 hukumar ta kafa shirin yaƙi da cututtukan gudawa, kuma a shekarar ce mujallar Lancet ta Ingila ta ce mai yiwuwa gano wannan ƙofa ta hanji shi ne ci gaba mafi muhimmanci da likitanci ya samu a ƙarni na 20. A Bangladash ƙungiyar BRAC ta ɗauki darasin ta kai shi ƙarshe: daga 1980 zuwa 1990 mata ma'aikatanta suka bi gida-gida, suka koya wa uwaye a gidaje wajen miliyan 12 yadda ake haɗawa da gishiri da mazarƙwailarsu ta gargajiya. A 1980 an ƙiyasta gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan miliyan 4 da dubu 600 a shekara. Yau adadin bai kai rabin miliyan ba, duk da cewa yaran duniya sun ƙaru. Tsabtar ruwa da rigakafi da abinci duk suna da rabonsu a wannan, amma kofin nan yana da kaso babba.

Mahalanabis kuwa bai zauna yana cin tsohon suna ba. Daga 1975 zuwa 1979 ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aikin kwalara a Afganistan da Masar da Yaman. A 1983 ya shiga shirin hukumar na cututtukan gudawa, daga nan ya koma Dakka ya jagoranci binciken jinya a babbar cibiyar nazarin gudawa ta ƙasa da ƙasa da ke can, sannan a 1990 ya kafa tasa cibiyar bincike a Kalkata. Tambayar da ta dame shi a waɗannan shekaru ita ce wadda kowace uwa ke yi: na ba shi ruwan, me ya sa zawon bai tsaya ba? Gaskiya ce, haɗin ba ya tsayar da gudawa, aikinsa shi ne ya riƙe rai har cutar ta wuce. To ko za a iya gyara shi ya rage zawon ma? Shi da abokan aikinsa sun gwada sa garin shinkafa a madadin gulukos, sun gwada ƙara wasu sinadarai da ke da tasu ƙofar a hanji. Sakamakon bai zo yadda aka yi buri ba. Na shinkafa ya taimaka ga masu kwalara, amma ga gudawar yara ta yau da kullum bambancin kaɗan ne. A ganina wannan ɓangare na aikinsa bai gaza na Bangaon daraja ba, domin mai bincike na gaskiya shi ne wanda zai gwada tunaninsa, in bai ci ba ya faɗa.

Abubuwa biyu ne suka ci daga wannan dogon bincike, wanda masana da yawa suka sa hannu a ciki har da shi. Na farko, an gano cewa in aka sassauta haɗin, aka rage gishiri da sukarin, yaro yana rage amai da yawan bayan gida, kuma ba a cika kai wa ga ƙarin ruwa ba. Wannan sabon haɗi shi ne a cikin ledar da ake sayarwa yau. Na biyu shi ne zinki. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, ko 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Zinki yana gajarta ciwon, yana kuma kare yaro daga komowarsa na wata biyu zuwa uku.

Lambobin yabo sun zo a makare: ta Pollin a Amurka a 2002, ta Yarima Mahidol a Tailan a 2006. Ƙasarsa kuwa sai bayan ya rasu ta ba shi Padma Vibhushan a 2023, lamba ta biyu mafi girma da Indiya ke ba farar hula. Bai taɓa yin rajistar mallakar haɗin don ya ci kuɗi ba, kuma shi da matarsa sun ba asibitin yara na Kalkata kyautar rupi miliyan 10 daga abin da suka tara.

To, me ya shafe mu? A shekarar da yake durƙushe a Bangaon, kwalara tana cin mutane a nan ma. Annobar ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, a 1971 ta mamaye Najeriya da Nijar da gaɓar Tafkin Chadi. Har yau ba ta tafi ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, wajen 3,600 suka mutu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sansanonin 'yan gudun hijira kuwa, ba sai an ba mutumin Borno ko Diffa labarinsu ba. Mu ma mun yi namu likitan yaran da ya fahimci wannan, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya cika rediyo da talabijin da kiran a haɗa ruwan gishiri da sukari a gida. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 10 masu gudawa a Najeriya, wajen 4 ne kawai aka ba wannan ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mun saba auna kulawa da allura da ledar ruwa a rataye. Uba ya kai ɗansa, a ba shi 'yar ledar gari ta kuɗi ƙalilan, sai ya fito yana cewa ba a yi wa yaron komai ba. Wasu masu kemis sun gane wannan rauni namu, sai su jera wa uwa Flagyl da kafso da maganin tsayar da zawo, domin a nan riba take. Alhali yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, irin su rota, wadda waɗannan magunguna ba sa taɓawa, maganin tsayar da zawo kuma haɗari ne ga ƙaramin yaro. A cikin gida kuma sai kaka ta ce haƙori ne, a bar shi zai wuce. Ko a ga maɗigar jariri ta faɗa a tafi neman abin shafawa, alhali faɗawar maɗiga a lokacin zawo shaida ce cewa ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Mafi muni shi ne a hana yaro ruwa da nono wai don kada a ƙara wa zawon ƙarfi. Wannan shi ne ainihin abin da ke kisa.

Saboda haka, uwa, ga abin da binciken shekara hamsin ya tsaya a kai. Da zarar zawo ya fara, a juye leda guda a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, ruwa mai tsabta ko wanda aka tafasa ya huce. Kada a raba ledar da ido, kada a ƙara sukari don daɗi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali, a hankali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a dama sabo. In babu leda kusa, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri a shafe, a lita ɗaya, a tuna kuma cewa gishiri in ya yi yawa cuta ne. Nono kada ya tsaya, kunu da abinci kada su tsaya. Amma in yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a bayan gida, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko dama yana fama da tamowa, to asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya. A nan ne ƙarin ruwa ke da gurbinsa, kamar yadda Mahalanabis ya ajiye shi ga waɗanda suka fi galabaita.

Ga hukumomi kuma. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙunshin da ya haɗa ledar gishiri da sukari da ƙwayar zinki cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Rigakafin rota ya shiga jadawalin Nijar a 2014, na Najeriya a 2022, kuma kyauta ake ɗiga shi. Babu uzurin da zai sa ƙaramin asibitin ƙauye ya shiga damina babu wannan ƙunshi a kan kanta, ko a bar ungozoma da mai unguwa ba su san awonsa ba. Kwamishinonin lafiya da shugabannin ƙananan hukumomi, ku saya ku raba tun kafin ruwa ya sauka, ku gyara rijiyoyin burtsatsen da suka mutu. Maigida, kai ma in ka fita kasuwa gobe, ka biya kemis ka sayo leda biyu da zinki ka ajiye a ɗaki, tun yaro yana wasansa.